Likitar Haƙorin da Za Ta Sake Zama Ɗaliba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata mai sunan mahaifiyata, wadda bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba, sai dai in ce Uwata.

Sallama da aminci su tabbata a gare ki. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya a Jega, ke da abokan aikinki na asibiti. Allah Ya tsare min ke a zaune, Ya tsare ki a tafe, Ya sauke ki lafiya a ƙasar da za ki. Innarki na gaishe ki. Mu a Aliero lafiya lau muke, sai zullumin tafiyarki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali tsakaninmu ba nisa, ga kuma waya a aljihuna. Dalili shi ne, duk sa'ad da kika zauna gabana kina yi min bayanin tafiyar nan, sai in riƙa gyaɗa kai ina cewa "to, to, madalla," ki tashi da zaton na gane. Ban gane ba, Uwata. Kunya ce ta hana ni cewa ki sake. A takarda kuwa ba mai kallon fuskata.

Ga abin da na iya riƙewa. Kin je Sudan kin yi shekaru kina karatun haƙori, suka ba ki takarda, suka ce ke likita ce. Kika dawo gida, hukumar likitocinmu ta ce sai ta gwada ki da kanta. Ta gwada ki, ta ba ki lasisi. Kin yi aiki a Jega har mutanen Mungadi da Liba suna hawo kabu-kabu da kumburarren kunci suna tambayar ina likita ɗiyar maɗori. Yanzu mijinki Kabiru ya sami aiki a Ingila, za ki bi shi, can kuma an ce ke ba likita ba ce tukuna. To a ina likitancin yake zubewa? A cikin jirgi?

Na tambaye ki haka a zaure, kika ce, "Baba, ba cewa sunka yi ban iya ba. Cewa sunka yi ba su san ni ba."

Na ce, "To in sun gan ki, ba sai su san ki ba?"

Kika yi dariya, kika shiga lissafo min. Wai sai kin ci jarrabawar Turanci, ke da kike karanta min takardar magani da Turanci tun kina firamare. Wai sai makarantarku ta Sudan da hukumarmu ta nan sun aika musu da shaidar cewa ba ki taɓa yin ɓarna ba. Sannan jarrabawar rubutu. Sannan jarrabawar hannu, wadda ita ce ta fi ɗaure min kai, don kin ce a kan roba za a yi ta, kai mai buɗaɗɗen baki da haƙoran roba, ki huda, ki cike, wani na tsaye yana duba. Kuma za a kawo mutum lafiyayye ya yi ƙaryar ciwo, a ga yadda za ki yi masa magana. Ke da masu ciwon gaske ke layi a ƙofarki! Kika ƙara da cewa samun gurbin zama jarrabawar ma wani yaƙi ne, ana buɗewa a kwamfuta, kafin mutum ya shanye kofin shayi an cike. Kuma an ƙayyade sau nawa za a gwada, da wa'adin da za a gama a ciki.

Ina cikin ƙoƙarin haɗiye wannan, Kabiru ya bugo waya ya ce akwai wata jarrabawar daban, ta wasu mutane daban, amma lasisi ɗaya take kaiwa. Ya ce a wasu ƙasashen kuma makaranta ake mayar da mutum. Ya ce ko an ci duka, sai an yi aiki ƙarƙashin idon wani kafin a sake ki. Daga nan kaina ya ɗauki zafi, na miƙa wa innarki wayar.

A kasuwar albasa wani abokina ya tsare ni ya ce, "Kai Sani, gaya muna gaskiya. Ɗiyar taka likita ta, ko ba likita ba ta?"

Na ce, "Nan likita ta. Can tana jira."

Ya ce, "Jiran mi?"

Na ce ina sauri.

Saboda haka ba zan ba ki shawara kan wace jarrabawa za ki zaɓa ba. Wanda bai gane tambaya ba, ba shi da amsa. Abin da nake da shi kawai shi ne wuraren da na yi tuntuɓe, kuma da na zauna na duba, sai na ga wasunsu sun yi kama da hanyar da za ki bi.

Kin san Alhaji Bala, mutumin Jega ɗin nan da ya daɗe a Ingila, wanda ya samo wa Kabiru ɗaki. Kwanakin baya ya bugo min ya ce in kwantar da hankalina. Ya ce mutanenmu na can suna fama da ciwon haƙori, ga jira, ga tsada. Ki zo da kayan aikinki a akwati, ki riƙa duba su a cikin gida kafin takardunki su fito, ba wanda zai ji. Innarki ta ji daɗi. Ni ma na ji daɗi, har na sa masa albarka. Sai bayan na ajiye wayar na tuna na taɓa jin irin wannan magana, kuma daga bakina ta fito.

Kin sha jin cewa na je Gana ina saurayi, amma ba a taɓa gaya miki yadda na dawo ba. Lokacin kakanki ya gama koya min ɗori, hannuna ya faɗa, kaina kuma ya kumbura. Muka bi motar albasa ni da Ɗanjuma na Mungadi, wanda shi ma a gidanmu ya koyi sana'ar. Muka sauka a zangon wani gari. Ba a jima ba aka kawo min wani ɗan dako da ya karye a hannu. Na ɗora, ya warke sarai. Labari ya bazu, ƙofar ɗakinmu ta cika.

Sarkin zango, wani dattijo mai haƙuri, ya kira ni ya ce, "Yaro, aikinka na kyau. Amma nan ba garinku ba ne. Tashi in raka ka wurin likitan gwamnati, ka gaishe shi, a ga yadda za a yi maka izini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannuna shi ne takardata. Mu gadonmu ne. Ubana bai nemi izinin kowa ba."

Ya dube ni, ya sallame ni.

Ana nan sai aka kawo wata mata mai sayar da kifi, mota ta buge ta, ƙwaurinta ya karye. Ba ta jin Hausa, 'ya'yanta maza ne ke fassara. Na ja ƙafar, na daidaita ƙashi, na jera kara na ɗaure. Na gaya musu lalle su dawo da ita in kwance in sassauta, don kin sani, ƙafa in ta kumbura a cikin ɗauri ba a sassauta ba, jini na iya tsayawa ta mutu. Suka yi godiya suka tafi.

Kafin su dawo, ma'aikatan lafiya suka zo da ɗan sanda, da rana tsaka, mutane na kallo. Suka kwashe kayana. Babbansu bai yi min tsawa ba. Ya sa aka tambaye ni, "In ƙafar wani ta ruɓe a hannunka ka shiga mota ka gudu, wa za mu tambaya?" Na ce ƙafa ba ta taɓa ruɓewa a hannuna ba. Ya ce bai tambaye ni wannan ba. Da za su tafi da ni, sarkin zango ya tsaya min, bisa sharaɗin in na sake taɓa wani, shi za a kama.

Sai ga 'ya'yan matar sun turo ta a amalanke. Na tsaya a bakin ƙofa, ina hango yatsun ƙafarta sun yi suntum. Hannuna har ƙaiƙayi yake. Aikin da ba zai ɗauke ni komai ba. Na dubi dattijon nan da ya sa wuyansa saboda ni, na dubi matar. Na ce su kai ta asibiti maza, a kwance ɗaurin. Suka ce a asibiti yanke ƙafa ake yi, shi ya sa suka zo wurina tun farko. Na roƙe su, sarkin zango ya roƙe su. Babban ɗan ya faɗi wata magana da yarensu wadda ba wanda ya yarda ya fassara min, suka juya amalanken suka tafi. Ban sake ganinta ba. Har yau ban sani ba ko da ƙafa biyu ta ƙare rayuwarta.

Na daɗe ina jin haushin ma'aikatan nan, kuma ko yanzu in aka matsa min ba zan iya rantsuwa cewa sun kyauta ba. Wata rana in ga laifinsu, wata rana in ga nawa, wata rana in rasa na wane ne. Abu ɗaya ne ba na shakka a kansa: da na bi dattijon nan wurin likita tun farko, ko a ba ni izini in gama aikina, ko a hana ni tun ban ɗaure ƙafar kowa ba. Wanda ya fara aiki a ɓoye ba shi ke zaɓar ranar da zai daina ba. Ana tsayar da shi ne a tsakiya, kuma a tsakiyar nan akwai mutum kwance.

Don haka, Uwata, ki gode wa Alhaji Bala, nufinsa alheri ne, amma kada ki buɗe bakin kowa a ƙasar can kafin a ba ki lasisi. Ko matar maƙwabci ce ta zo tana kuka. Ki raka ta inda za a duba ta, ki zauna kusa da ita, ki fassara mata, wannan ba wanda zai hana ki. Kin ce min da bakinki in aka kama mutum da irin wannan, ƙofar lasisin ma na iya rufuwa gaba ɗaya. Wannan kam na gane shi tun faɗin farko.

Tuntuɓe na biyu a garin nan dai na yi shi. Bayan ƙura ta lafa, likitan asibitin ya aiko a kira mu ni da Ɗanjuma. Ya ce ya ga hannun ɗan dakon nan, ya san mun iya wani abu. Ba shi da ikon ba mu izinin ɗori, amma yana neman masu taimako a ɗakin da ake sa filasta. Mu riƙe ƙafa, mu jiƙa bandeji, mu share wuri.

Na ce wa Ɗanjuma da Hausa, a gaban mutumin, "Ni ɗan gado in riƙe ma wani ƙahwa? Allah shi kiyaye."

Ɗanjuma ya ce, "Ni dai zan riƙe. In na riƙe, ina ganin abin da shika yi."

Na hau motar albasa da ta sauke kaya na dawo gida, ina ta zaginsa a zuci har Jega. Shi kuwa ya zauna. Ya riƙe ƙafafu, ya share ɗaki, a hankali ya koyi duba hoton ƙashi, ya san karayar da ta fi ƙarfin kara, wadda sai an sa ƙarfe. Da ya dawo bayan shekaru, ni na je Mungadi na zauna a tabarmarsa, ya ɗaga hoto a rana yana nuna min. Abin da nake gaya wa mutane yau, cewa su fara yo hoto kafin in taɓa su, a wurinsa na samo. Da na riƙe ƙafar nan, da na san shi tun ina da ƙuruciya, da kuma wasu da suka bi ta hannuna a tsakani sun fi haka miƙewa.

Na kawo wannan ne saboda aikin da kika ce za ki nema kafin jarrabawa, na mai taimaka wa likitan haƙori. Innarki ta ƙi jinin maganar. Ta ce, "Dut karatun ga, ta ƙare tana tsotse ma mutane miyau da tiyo, tana miƙa ma wata almakashi?" Na ga fuskarki sa'ad da ta faɗa. Kika ce a hankali wataƙila ma wadda za ki miƙa wa ba ta kai ki shekaru ba. Ni ina ganin ki karɓa. Ki tsaya kusa, ki ga yadda suke magana da majinyaci, abin da suke rubutawa, abin da suke tsoro. In jarrabawar tasu ta yadda suke yi ce, to ina za ki ga yadda suke yi in ba a ɗakin ba?

Amma a nan ma kaina ya rabu biyu. Kabiru ya ce ya san wasu da suka shiga irin wannan aiki don su jira, gajiya ta cinye su, littafi ya yi ƙura, shekaru suka wuce suna nan. Kin kuma ce shi kansa aikin taimakon yana da nasa rajista da nasa horo. Wato sai an ba ki izini kafin ki riƙe wa mai izini tiyo. To ban san yadda ake shiga wuri da zuciya ɗaya ba, alhali ana shirin fita. Ina ce miki ki ƙasƙantar da kai, ina kuma ce miki kada ki saba. Na san maganganun biyu suna karo. Na juya su na juya, ban iya jefar da ko ɗaya ba, ga su nan na ba ki duka.

Na uku ke ma kina wurin, don a kanki ya faɗi. Lokacin da kika dawo daga Sudan, ban san akwai wata jarrabawa a gaba ba. Ko kin faɗa, ban ji ba. Na yanka rago, na tara dangi daga Maiyama har Jega, na sa aka riƙa kiranki likita. Duk wanda ya zo ɗori sai na gaya masa. Kika je kika zauna jarrabawar hukumar, ba ki ci ba a karon farko. Kika dawo kika same ni a zaure da baƙi, kika durƙusa kika faɗa min a hankali. Ni kuwa, don kunyar mutanen da ke zaune, na ce da ƙarfi, "To mi kinka tahi yi Sudan?"

Kika tashi kika tafi gidan gwaggonki a Maiyama, kika zauna can har kika sake zama kika ci. Labarin cin ma a bakin gwaggonki na ji. Ke ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka, muka ci gaba kamar ba a yi ba. Amma na lura tun daga ranar ba ki sake kawo min labari ba sai wanda ya riga ya yi kyau.

Wannan ne ya fi damuna a tafiyar nan. Kin ce jarrabawar can tana kayar da gwanaye, mutum ya yi shekaru yana aiki, kan roba ya kayar da shi saboda ya huda ya zarce kaɗan. In haka ne, tana iya kayar da ke. Ina tsoron ki faɗi a ƙasar da ba gwaggo, ba Maiyama, ki rufe ɗaki ki yi shiru, ki riƙa ce min lafiya lau a waya. Ki ji ni da kyau. Ban gaya wa kowa lokacin jarrabawarki ba, ba kuma zan faɗa ba. Ba zan yanka komai ba sai kin ce in yanka. In kin faɗi, ki bugo min a ranar, kafin ki share hawaye. Ba zan tambaye ki me kika je yi ba. In gurbin ma kika rasa, ki faɗa min, ko da ba zan gane yadda ake rasa kujera a cikin kwamfuta ba. In kuma wata rana kika ga abin ya ishe ki, kina son dawowa, ki dawo. Masu kumburin kunci ba su ƙare a ƙasar nan ba, kuma ba wanda zai ce miki komai a zaurena.

Ki riƙe sallarki. Ki ci abinci ko ba ki jin daɗinsa. Ki yi haƙuri da Kabiru, shi ma baƙo ne a can, yana dai yi mana magana kamar ya san komai don hankalinmu ya kwanta. Ki nemi waɗanda suka riga ki zama jarrabawar, ko daga wace ƙasa suke, ki tambaye su ba tare da jin nauyi ba. Kada ki yi irin ta ubanki, ki riƙa cewa "to, madalla" alhali ba ki gane ba.

Saura magana ɗaya, ita ma a takarda kawai zan iya yin ta. Turmin haƙorina na hagu, na ƙasa, ya daɗe yana hana ni tauna. Na ɓoye miki. Kanumfari nake cusawa, in kin zo in riƙa tauna ta dama. Ni da na ja ƙasusuwan ƙarti suna ihu ina ce musu su yi ta maza, allurarki nake tsoro. Innarki ta sani, ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, amma kullum sai ta yi min dariya.

Na yi tunani, in kin tafi za ki daɗe ba ki taɓa haƙorin mai rai ba. A nan kuwa lasisinki na aiki, ba mai tambayarki wata shaida. Don haka kafin ki miƙa makullin ɗakinki na asibiti, ki sa min rana. Zan hawo mota in zo Jega da safe, in bi layi kamar kowa, in hau kujerar nan taki mai kwanciya. Ina so bakin mutum na ƙarshe da za ki duba a ƙasarmu ya zama nawa. In kin ga ina rawar jiki, kada ki gaya wa kowa a Aliero.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya buɗe miki ƙofofin da na sani da waɗanda ban gane ba. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na masauki. Ya sa albarka a hannunki, Ya dawo min da ke ina raye. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani Maɗori, Aliero